Shaidar da Muka Ɗauko daga Rugar Dauran

Mun tashi da asuba daga Zariya ranar Laraba, ni da direba da wata lauya. Kwamitinmu ne ke ba da lambar yabo duk shekara ga masu kare haƙƙin ɗan Adam, kuma bana ta faɗa kan wani tsohon malamin makaranta a Ƙauran Namoda. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a yake bin kotuna yana yi wa Fulanin daji tafinta kyauta, har sunan ya bi shi: Malam Tafinta. An aike mu mu kai masa takardar gayyata.

Hanya lafiya lau har Gusau, inda sababbin ofisoshin jiha ke ta tsirowa. Daga nan ramuka suka karɓe mu. A Ƙaura muka ci hoce, wata gasasshiyar wainar dawa, kusa da tashar jirgi. Na ci abinci a Yamai da Khartum, ban taɓa cin abin da ya riƙe ciki kamarsa ba. Gero kuwa ya fi na Zariya araha nesa. Malam ba ya gida. Iyalinsa suka ce ya tafi Shinkafi.

Washegari, ranar kasuwa, muka same shi a kara, wajen da ake cinikin shanu, yana tambayar dillalai labarin wata saniya. Ya karanta takardar, ya ninke ta.

"Na gode, Alhaji, amma ba ni zuwa. Ranar bikinku ita ce ranar shari'ar Jaɓɓi."

Jaɓɓi makiyayi ne da aka kama da saniyar da wani ya ce tasa ce. Idan sata ta tabbata, hannunsa na cikin haɗari. Sau biyu alƙali yana tambayarsa inda ya samo ta, sai ya sunkuyar da kai.

Na ce ina jin Fulatanci, na yi shekaru a Garwa, zan zauna a madadinsa. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Kana jin maganassu, Alhaji. Shirunsu fa? Surukinai ya ba shi saniyar. Bafillace kuwa gara a yanke mai hannu da ya ambaci surukinai gaban jama'a, balle ya jawo shi kotu."

Lauyar ta ce ai doka ba ta san kunya ba. Malam ya ce, "To, Hajiya, sai mu sanad da ita."

Damuwar Malam ita ce surukin, wani tsoho, yana wata ruga bayan Dauran, ƙafarsa ba ta hawa babur, kuma ba wanda ya gaya masa halin da Jaɓɓi ke ciki. Na dubi motarmu, na dubi direba. Direba ya dubi sama.

Ranar Asabar muka bi hanyar Zurmi, muka ratse a Dauran. Damina ta cinye turbar. Sau uku muna kafewa, ni da furfurata ina tura mota, lauya ta tattare zane tana jera duwatsu. Da hantsi muka isa. Aka kawo mana kindirmo, aka yi doguwar gaisuwa, sannan Malam ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya ce a miƙo masa sandarsa.

Ranar Litinin, a wata ƙaramar kotu, tsohon ya bayyana tsagar da ya yi wa kunnen saniyar tun tana maraƙa, aka duba aka gani. Wasu dattawa biyu suka tabbatar. Alƙali ya yi bincike a natse, ya sallami Jaɓɓi. Har aka tashi Jaɓɓi bai ɗaga ido ya dubi surukinsa ba, ya bi ta wata ƙofar ya fita.

A daidai wannan lokaci ana tafi a zauren biki, kujerar Malam babu kowa a kai.

Mun iso Zariya ranar Talata da taɓo har gwiwa. Na halarci taruka a Dakar da Janeba inda ake maganar ba kowa haƙƙin faɗin albarkacin bakinsa. Sai a Zamfara na koyi cewa akwai mutumin da ba zai taɓa faɗa ba, kuma dole wani ya shiga daji ya ɗauko wanda zai faɗa a madadinsa. Jaɓɓi na can yana kiwo da hannayensa biyu.