Bakin Inuwa Mai Faci

Duk direban da ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san rumfar Inuwa mai faci a Kwanar Dangora, ko da tayarsa ba ta taɓa sacewa a wurin ba. Ni maƙwabcinsa ne, rake nake sayarwa a gefen rumfarsa, kuma na yi shekaru ina shan surutunsa ba tare da na nema ba.

Inuwa yana da ra'ayi a kan komai. Idan aka buga ƙwallon Turai jiya, kafin ka gama kafe mashin ya gaya maka inda koci ya yi wauta, alhali shi iyakarsa da tafiya Zariya. Fim ɗin Indiya da ake fassarawa da Hausa, a cewarsa, mai fassarar ya fi jarumin wahala. Bikin zamani kuwa, tun da aka kori masu kalangu aka ɗauko yaro da lasifika, ya ce an daina biki sai dai taron ciwon kunne. Hannunsa na cikin bahon ruwa yana laluben inda iska ke fita, bakinsa kuma yana can yana gyara duniya. Mukan zolaye shi mu ce injin iskarsa ya fi shi hutawa.

Amma a ba shi haƙƙinsa, ƙwallon yaran yankinmu ya san ta. Ba a buga wasa tsakanin Kiru da Bebeji, ko Tudun Wada ta zo mana, bai rufe rumfa ya je ya tsaya a bayan raga ba. Idan ya ce yaro zai yi nisa, yakan yi. Shi ya sa maganarsa take da nauyi.

Yaro ɗaya ne bakin Inuwa bai taɓa yabo ba, wato Mujitaba, mai buga lamba bakwai a ƙungiyar garinmu. Dalili kuwa kowa ya sani, Mujitaba ɗan farinsa ne. Inuwa mutumin da ne a wannan fanni. Iyayensa suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga ƙauyensu, kuma sun taho da alkunyarsu cif. Bai taɓa kama sunan yaron ba, sai dai "wancan" ko "yaron gidan Dije", Dije kuwa matarsa ce. Idan Mujitaba ya yanke mutum biyu ya jefa ƙwallo a raga, fili ya kaure da ihu, sai Inuwa ya juya kai yana gyara hula. In aka matsa masa sai ya ce, "Wancan? Gudu ne kawai kamar an koro akuya. Ƙafar hagu ma ba shi da ita." Mu sai mu yi dariya, don mun ga yadda gemunsa yake rawa saboda daɗi.

Wata Asabar da rani aka yi wasa da Bebeji, Mujitaba da abokinsa Ukasha, mai buga lamba goma, suka yi abin kallo. Da aka tashi wasan na tafi cikin Dangora sarin rake, don haka ban ga abin da ya biyo baya ba, Inuwa ne ya ba ni labari da bakinsa. Wani baƙo mai ƙaramar mota ya tsaya a rumfarsa da taya a sace. Yana jira suka shiga hirar wasan, baƙon ya ce an gaya masa ba wanda ya san yaran nan kamar mai faci.

"Malam, tsakanin lamba goma da lamba bakwai, wa ka ga ya fi?" in ji baƙon.

"Ai Ukasha ɗan ƙwallo ne," in ji Inuwa. "Wancan kuwa gudu ne kawai. Ƙafar hagu ma ba shi da ita, kuma ba ya jin magana."

Wannan na ƙarshen ƙari ne ya yi don hira ta yi armashi. Baƙon ya gyaɗa kai, aka ɗaura masa tayarsa ya wuce. Bayan kwana kaɗan labari ya zo cewa mutumin koci ne na wata ƙungiyar matasa a Kano, gurbi ɗaya ya rage masa, kuma yana ta wasi-wasi tsakanin yaran biyu. Ya aiko a kai masa Ukasha.

Ranar da Inuwa ya ji, na gan shi zaune da robar taya a hannu har gam ɗin ya bushe bai liƙa ba. Na ce, "Kai ma dai, Inuwa, baƙo ya san alkunyarku ne?" Ya ce, "Lado, ni hira nake yi. Wallahi hira kawai nake yi."

Bai haƙura ba. Ya rufe rumfa, ya shiga mota zuwa Kano, ya yi ta tambaya har ya sami filin da kocin yake horar da yara. A gaban mutane ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ce yaron nan ɗansa ne na cikinsa, kuma duk kudancin Kano babu mai ƙafarsa, hagu da dama. Kocin ya saurare shi da mutunci, sannan ya ce, "Baba, ai kowane uba haka yake cewa." Da ya kushe yaron an yarda da shi don ana ganin bare ne, da ya zo yabo kuma aka ce ai uba ne. Ya dawo da yamma ko ruwa bai sha ba.

Mujitaba ya ji yadda aka yi daga bakin Ukasha. Ya ƙarasa wasannin shekarar, sai ya rataye takalmansa ya koma noman rani a bakin kanal wajen kawunsa, tumatir da albasa. Ukasha ma bai zama wani shahararre ba, ya yi shekara biyu a Kano ya dawo da ciwon gwiwa. Na sha gaya wa Inuwa haka don ransa ya yi sanyi, sai ya ce ko ciwon gwiwar ne ai da ya bar yaron ya je ya samo abinsa da kansa.

Tun daga nan rumfar ta yi shiru. Direbobi su tsokane shi da zancen wasan jiya, ya ce bai kalla ba. Ƙwallon yara idan ta fashe yakan liƙe musu, amma fili bai ƙara zuwa ba. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya sa ya yi shiru, sai ga shi shirun ya fi damuna.

Bara, wata rana da la'asar, lokacin kwasar tumatir, Mujitaba ya turo mashin ɗinsa da kwanduna a baya, tayar gaba ta sace. Ya durƙusa ya gaishe mu. Inuwa ya cire robar ya tsoma a baho, kansa a sunkuye, can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Mujitaba," ya ce. Na kusa yanke yatsana da wuƙar rake, don ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. "Ka fi Ukasha. Tun kana ƙarami ka fi kowa a filin nan. Abin da na gaya wa mutumin can ba haka yake a zuciyata ba."

Mujitaba ya ɗago kai. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Baba, ni ba rashin zuwa Kano ne ya sa na bari ba," ya ce a hankali. "Mutumin can baƙo ne, sau ɗaya ya gan ni. Amma kai duk garin nan an san ba ka kuskure a kan ɗan ƙwallo. Da na ji har baƙo ka gaya wa haka, sai na ce ashe ba kunya ba ce, da gaske ban iya ba."

Iska tana ta fita daga robar, kumfa na tasowa a bahon a gaban idon Inuwa, amma bai sa yatsa ya kama wurin ba. Sai Mujitaba ne ya matso, ya naɗe hannun riga, ya nuna masa inda ta huje.