Mi Likita Ya Ce?

Shekarun baya, ni ne mai raka marasa lafiya asibiti a unguwarmu a Sheme. Ba likitanci na karanta ba. Bakina ne kawai ba ya gajiya, kuma na san tagar yankar kati da ta karɓar magani. Mahaifiyata takan ce da surutu noma ne, da ni kaɗai na ciyar da Faskari har in kai wa Sabuwa rara.

Al'adarmu kuwa, duk wanda ya yi rakiya, in ya dawo sai ya zauna a majalisa ya zazzage labari, tun daga hawa mota har tsawon allura. Ni kuma har gishiri nake ƙarawa.

Wata rana abokina mai shayi a bakin titi ya ce in raka shi Kankara. A asibitin can likita ya duba shi, ya ce ciwon ba a ɗaukarsa, kuma da magani zai lafa. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, kai rakiya ka yi. Ciwon nasa ne, shi ke da ikon faɗa."

Muna fitowa abokina ya damƙe hannuna. "Don girman Allah ka rufa mani asiri. Ka san mutanenmu. Suka ji sunan ciwon nan, ba mai sake kai kofina bakinsa. Da teburin nan 'ya'yana ke ci."

Na ce na ɗauka. Ashe dutsen niƙa na ɗauka.

Ko takalmi ban cire ba majalisa ta taso mani. "To, mi likita ya ce?"

Na ce, "Ya ce Allah ya ƙara sauƙi."

Wani ya ce, "Kai da ka ba mu labarin cire haƙori tun la'asar har magariba? Ko bakin naka aka ɗinke a can?"

Jama'a, na sha wuya. Maganar ta dinga yi mani yawo a ciki kamar na haɗiyi ɗan tsako da ransa. In zauna, in miƙe, in fita, in dawo. Har gaban jakina na tsaya zan amayar mashi, sai na tuna irin kukansa na fasa. Matata ta ce, "Maigida, anya ba kai ne marar lafiyar ba?"

Babbar jarrabawar ita ce yayan abokin nawa, Alhaji, mutumin da ko tari ya yi yara ke watsewa. Ya tare ni a zaure ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni na yi mashi aure. Kai wane ne da za ka ɓoye mani?"

Na ce, "Alhaji, ka fi ni kusa da shi, shi ya sa tambayarsa za ta fi maka sauƙi. In ya yarda, ni da kaina zan yi maka bayani dalla-dalla."

Ya kira ni munafuki. Damina guda bai amsa gaisuwata ba. Na samu abokina na ce, "Da ka gaya wa yayanka, da na huta." Ya ce ba yanzu ba. Na ja bakina, tunda ba ciwona ba ne.

Ya sha maganinsa, ya murmure. Har yau layi ake yi a teburinsa.

Abin da na koya, mai rakiya aron kunne da baki ya bayar. Abin da ya jiyo a ɗakin likita ba tsarabarsa ba ce da zai raba wa unguwa.

Bayan an yi girbi, da sassafe na ji sallama. Alhaji ne, fuska a murtuke. Ya ce, "Gobe za ka raka ni Kankara."

Na ce, "Ni munafukin?"

Ya ce, "Kai ɗin. Irinka nake nema."

Na san yanzu wani na shirin rubuto mani, "To shi kuma mi likita ya ce mashi?" Ya ce Allah ya ƙara sauƙi.