Farin Layi a Hoton Malam Ilu

Ban taɓa mantawa da ranar da muka fara fita Baure da ƙaramar na'urar ɗaukar hoton ƙirji ba. Ku da kuka kama aiki bayan zuwanta, kun same ta a kan tebur kamar sauran kayan aiki. Mu da aka buɗe kwalinta a gabanmu, zagaya ta muka yi ta yi muna leƙe, babu wanda ya yarda ya fara taɓawa.

Ni a zamanin fim na fara aikin nan. In an ɗauki hoto sai ka shiga ɗaki mai duhu, ka tsoma fim ɗin cikin ruwan maganin da ke fito da hoton, ka ɗauraye, ka sake tsoma shi cikin wanda ke zaunar da shi, sannan ka rataye ya bushe. Warin ruwan nan har gida yake bin mutum. Na'urar wancan zamanin kuwa ɗaki guda take cinyewa, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Duk mai son hoto, ko daga Kongolam yake ko daga ƙauyukan Baure, dole ya zo Daura ya bi layi.

Sabuwar kuwa a jakar goyo take shiga. Kan da ke fitar da hasken nan mai ratsa jiki bai fi akwatin rediyo na da girma ba, da batir yake aiki. Akwai wani faranti da ake jingina wa ƙirjin mutum, shi ke karɓar hasken ya tura hoton kwamfuta nan take. A cikin kwamfutar akwai abin da masu bincike suka daɗe suna aiki a kansa, wanda ake kira ƙirƙirarriyar basira. An nuna mata ɗimbin hotunan ƙirji, na masu lafiya da na masu tarin fuka, har ta iya bambancewa. Hoto na shiga sai ta ba da maki, ta shafa ja a wurin da take tuhuma. Da aka nuna mana wannan a wurin horo, na ce da wanda ke kusa da ni, "Ashe za mu ga wannan da ranmu?"

A lokacin ina babban jami'in ɗaukar hoto, wato ni ke da alhakin na'ura da lafiyar wanda aka tsayar a gabanta. Shugabar tawagarmu ita ce Dakta Rabi, likitar da ke kula da sashen tarin fuka. Ƙa'idar aikin ita ce: ni in ɗauki hoto, kwamfuta ta ba da maki, in makin ya yi sama a karɓi kakin mutum a kai ɗakin gwaji, ita kuma Dakta ta yanke hukunci.

Farkon damina ne, ana shirin Babbar Sallah, kuma mun zaɓi ranar kasuwa don mu sami jama'a. Muka kafa kayanmu a barandar wani ƙaramin asibiti. Na ja igiya na keɓe fili don kada hasken ya sami waɗanda ba su zo hoto ba, na sa rigar dalma mai nauyin nan da ke kare mu. Mai unguwa ya riga ya sa an yi shela, don haka kafin hantsi wurin ya cika: manoma, masu sayar da raguna, Fulani da sandunansu. Duk wanda na ɗauka sai ya zagayo ya ga ƙirjinsa a allo. Wani dattijo ya ƙirga haƙarƙarinsa da yatsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, duk suna nan." Aka kwashe da dariya. Ni kaina daɗi ya hana ni jin nauyin rigar.

Can gefe, nesa da layi, na lura da wani mutum a zaune kan dutse, ya rufe bakinsa da gefen rawani. Wata mata na tsaye a bayansa. Sai da layi ya ragu matar ta matso ta gaishe ni.

"Likita, maigidana ne. Ya ce ba zai shiga cikin mutane ba, kada ya shafa musu."

Sunanta Hajara, shi kuma Malam Ilu, tela ne a bakin kasuwa. Mutum ne dogo, amma ciwo ya cinye shi har rigarsa na lilo a jikinsa. Ya ce tarin ya haura shekara biyu, wani lokaci da jini. Ya sha maganin tarin fuka na wata da watanni, ya ɗan ji sauƙi, abin ya dawo. A gida an ware masa kwano da moɗa. Masu kawo ɗinki sun janye ɗaya bayan ɗaya.

"Ga Sallah ta zo," in ji shi, "kowane tela yana korar aiki, ni ko yadin hula ba a kawo mini ba. Ban ga laifinsu ba. Ni ma ba na ɗaukar jikokina."

Na tsayar da shi, na ce ya rungumi farantin, ya ja numfashi ya riƙe. Na danna. Hoton ya fito, kwamfuta ta ba da maki mai yawa, ta shafa ja a ƙasan huhun dama. Har na ɗaga hannu zan ce a ba shi kwalbar kaki, sai idona ya faɗa kan wani abu a tsakiyar jan nan. Wani siririn layi ne, fari fat, miƙaƙƙe sambal, da ɗan ɗigo a ƙarshensa.

Ga waɗanda ba ma'aikata ba, bari in yi bayani. Hasken da muke amfani da shi ratsa jiki yake yi. Inda iska take, kamar huhu, yana wucewa salin-alin, wurin ya fito baƙi. Ƙashi yana tare wani sashe, ya fito fari-fari. Ƙarfe kuwa tare shi yake gaba ɗaya, ya fito fari fat. Kuma a jikin ɗan Adam babu abin da Allah ya halitta miƙaƙƙe haka kamar an ja da rula.

Na ce, "Malam Ilu, akwai allura a rigarka?"

Ya shafa ƙirji ya ce, "Ai tela ba ya rasa ta, Likita."

Wannan abu ne da muke gani kullum: maɓalli, laya, tsabar kuɗi a aljihu. Na sa aka kare shi da labule, ya tuɓe rigar da singileti, ya cire layar wuyansa. Na duba fatarsa gaba da baya, babu komai. Na sake ɗauka. Layin yana nan inda yake.

Hoto ɗaya ba ya gaya maka zurfin abu, don haka na juya shi gefe, na ce ya ɗaga hannuwa sama, na ɗauka ta haƙarƙari. Da hoton ya fito, ga shi nan, ba a fatar gaba ba, ba a ta baya ba, a can tsakiyar huhu.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Dakta! Dakta, don Allah zo ki gani!"

Ta baro wanda take dubawa ta zo da sauri. Ta kalli hoton farko, ta kalli na gefe, ta ƙara girmansa da yatsu biyu har ɗigon ya fito sosai. Ta dafe ƙirji.

"Malam Lawal, wannan ai fil ne. Ga kansa nan!"

Fil shi ne ɗan ƙarfen nan mai kai da teloli ke kafe yadi da shi kafin su ɗinka. Dakta ta juya wurin Malam Ilu ta ce, "Baba, kana riƙe fil a baki in kana aiki?"

"Wane tela ne ba ya yi?"

"Ka taɓa haɗiye ɗaya?"

Ya girgiza kai. Sai Hajara ta tafa hannu daga bayan labule.

"Malam! Ankon bikin gidan Alhaji! Ranar da ka shigo idonka jawur, ka ce atishawa ta kama ka da fil a baki, na dafa maka rogo ka ci don ya tura shi!"

Ya buɗe baki yana kallonta. "Wancan? Ai na ɗauka ya bi ciki ya fita tuntuni."

Dakta ta zaunar da su ta yi musu bayani a hankali. Ta ce a maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska. Fil ɗin ta iska ya bi, ya gangara ya maƙale. Huhu ba ya son baƙon abu, sai wurin ya yi ta ruruwa yana tara ƙwayoyin cuta, shi ne tarin da jinin. Inuwar da ciwon ya yi ta yi kama da ta tarin fuka, shi ya sa kwamfuta ta shafa ja. Amma ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai an gwada kaki, don mutum yana iya haɗa biyun.

Gwajin kakin ma sabon abu ne. Da can a gilashi ake shafawa, a rina, a duba da madubin ƙara girma, in ƙwayoyin ba su da yawa a rasa su. Yanzu ana zuba kakin a wani ɗan akwati mai sinadarai, na'ura ta nemo ainihin ƙwayar halittar cutar ko da kaɗan ce. Mun dawo Daura da kwalbar a cikin akwatin ƙanƙara, ni da Dakta ba mu yi maganar komai a mota ba sai ta fil. Washegari sakamako ya fito: babu tarin fuka.

Dakta ta ce ni in kira su, tunda ni na fara gani. Da na gaya wa Malam Ilu, sai na ji Hajara ta cikin wayar tana rangaɗa guɗa.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Da suka zo Dakta ta ce za ta tura shi babban asibiti a Kano a ciro fil ɗin, nan take fuskarsa ta canza.

"A tsaga mini ƙirji? A'a, 'yata. Tunda ba na shafa wa kowa, a bar ni da abina."

Dakta ta ce barinsa hatsari ne, don yana iya huda jijiyar jini wata rana. Ya ƙi. Sai na tambaye shi yadda yake zura tazuge a wando in ya kuɓuce ya shige ciki.

Ya ce, "Da ɗan ƙarfe nake bi ta ramin in jawo shi."

"Kana farke wandon?"

"Haba, wa zai farke?"

Na ce to haka za a fara gwadawa. Akwai wani siririn bututu mai lanƙwasa, da fitila da kyamara a bakinsa, da ɗan hantsaki. Za a sa shi barci, a bi ta hanyar da fil ɗin ya bi, likita yana kallo a allo, ya kama ya jawo. Dakta ta ƙara da cewa ba ta yi masa alkawari ba, in ya ƙi fitowa ta nan sai an yi tiyata, amma da bututun za a fara. Hajara ta ce, "Malam, ka tashi mu je. Na gaji da wanke kwano biyu." Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari, da ya lafa ya ce, "Allah ya sa a dace."

An dace kuwa. Likitan da ya yi aikin ya gaya wa Dakta cewa nama ya fara rufe fil ɗin, sai da ya yi ta lallaɓawa kafin ya samu kama shi, amma ya fito ta baki ba tare da an yanka ko'ina ba. Aka ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ranar da aka sallame su ba su wuce gida ba, suka sauka a Daura suka zo sashenmu. Malam Ilu ya zaro 'yar kwalba daga aljihu ya ajiye a teburina. Ga fil nan a ciki, ya yi baƙi, ya ci tsatsa. Ma'aikata suka taru, har masu shara da masu gadi, kwalba na yawo daga hannu zuwa hannu ana salati. Na roƙe shi ya bar mana ita don koyar da ɗalibai. Ya ce sam, a shagonsa zai rataye ta, kowane tela a kasuwar Baure sai ya gani.

Bayan an yi girbi muka koma Baure, na sake ɗaukarsa. Inuwar ta washe sai ɗan tabo. Ya yi ƙiba har na kusa kasa gane shi, kuma da ƙyar ya tsaya, wai ya bar ɗinki jibge. A wuyan hannunsa akwai wani abu kamar ɗan ƙaramin matashin kai da ya ɗinka, ya soke shi da fil reras don kada ya ƙara riƙe su a baki. Ya ce ya ɗinka wa teloli da dama irinsa.

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan labari, musamman ku sababbi, shi ne kwamfutar nan ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka koya mata ta nema shi ta nema, kuma ita ta nuna mini inda zan duba. Ba don masu binciken da suka ƙanƙanta na'urar har ta shiga jaka ba, da Malam Ilu yana nan kan dutse da rawani a baki. Amma maki ba shi ne ƙarshen aikinku ba. Ku kalli hoton da idonku, daga kusurwa zuwa kusurwa. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku sa a tuɓe riga, ku juya mutum gefe, ku kira na gaba da ku. Ku tambayi mara lafiya sana'arsa. Kuma kada ku sallami wanda ya rako shi ku ce ya jira a waje, don a ranar nan mu uku ne a gaban allo, da likita da ni da mai ciwon kansa, amma Hajara ce ta san ranar da abin ya shiga.