Ƙarfen Ƙugun Gwaggo

Akuya ce ta karya gwaggona, yayar babanmu. Gwaggo ta biyo ta da muciya a gidanta na Kwanyawa don ta ci mata gyaɗar da ta shanya, santsin bakin rijiya ya kwashe ta, ƙugu ya goce. Wani mai ɗori daga wajen Rogo ya zo har sau biyu, ya tofa ya ja, ita kuma ta zage shi har kakansa. Da muka ga ƙafar sai ƙara gajarta take yi, na ɗauke ta zuwa asibiti a Kano, tunda ni ne wai ɗan boko.

Likita ya ce kan ƙashin ya mutu, sai an sa na ƙarfe. Gwaggo ta ce ba a sa mata abin da ba ta gani ba. Ya ɗauko samfuri ya miƙa mata. Ta juya shi, ta karce da farce, ta taɓe baki.

"Ɗan nan, kwancen wani za ku sa min? Ko cokalina ya fi wannan ƙyalli."

"Iya, da gangan aka yi shi da kaushi," in ji shi. "Bayan wanda kike ji da yatsa, akwai wasu ƙanana da ido ba ya gani. A nan sabon ƙashi yake samun wurin kamawa. In ya cika sulɓi, jiki yakan ɗauke shi baƙo, ya naɗe shi da tantani, ya yi ta girgiɗi. In kaushin ya yi daidai, masu gadin jiki sun fi saurin hucewa, kumburi ya sauka."

Na buɗe baki zan ƙara mata bayani, ta ce in yi mata shiru, ba ni aka tambaya ba.

"Wato koɗa shi kuka yi kamar dutsen niƙa. To ka faɗi haka mana! Shekara nawa ka yi a makaranta kafin ka gano wannan?"

Ya yi dariya har da riƙe tebur.

Aka yi aiki. Ranar da aka ce ta taka, ta rantse mun haɗa baki za mu kashe ta, sannan ta taka. Kafin a cire gyaɗar bana ta jefar da sanda.

Sai dai ƙarfen ya zame mata sarauta. Hadari na haɗowa za ta shige ɗaki, wai aradu na neman ta. Biki in ba ta son masu shi, ƙarfe ya motsa. In akwai naman kai kuwa, lafiyarsa ƙalau.

Rannan ta sa na kai ta Karaye wurin wani malami, ta tambaye shi ko za a binne ta da abin. Ya ce ƙwarai kuwa, ba a taɓa gawa.

Ta juyo ta nuna ni da yatsa.

"Ka dai ji da kunnenka. Kada in rufe ido ku kira 'yan gwangwan su auna ƙarfena."