Yadda Fo Ɗin Auta Ya Shiga Jirgin Ruwa

Abubuwa da yawa na zamanmu a Malesiya sun shige mini, amma tafiyar da muka yi a jirgin ruwa ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zan manta da ita. Har yau in ta faɗo mini ina tsakiyar girki, sai na ajiye ludayi na yi ta dariya ni kaɗai.

A lokacin muna zaune a unguwar Sentul, a wani dogon bene. Maigidana yana digiri na uku a fannin injiniya, ni kuma ina fama da yara uku a ɗan matsattsen gida. Ranar da ya miƙa kundin bincikensa ya dawo yana washe baki.

"Maman yara, kin sha wahala," in ji shi. "Kafin a kira ni kare kundin nan, zan kai ku yawo a teku. Irin jirgin nan da ake kwana a ciki, a ci a sha, a dawo."

Na ce, "To ai ko a tekun ma ni ce mai raino."

Ya ce, "Nan ne ba ki sani ba. Akwai sashen yara. A karɓe su da safe, a yi ta yi musu wasanni, a dawo miki da su sun gaji lilis."

Wannan maganar ce ta saye ni. Rabona da in sha shayi da zafinsa tun haihuwar babbar 'yarmu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, mutumin da ya saba da bincike ba ya zaɓen ko tsinken sakace haka kawai. Da ya tabbatar abincin jiragen halal ne, bai ƙara bi ta kan ɗaki ko inda za a je ba. Sashen yara kaɗai ya sa a gaba. Wannan jirgin yana da wasan 'yan fashin teku, wancan ana koya wa yara yin kek, wani kuma har ɗakin gine-gine da bulo na roba gare shi. Ya dinga kiran matar da ke sayar da tikiti har ta gane muryarsa, tun bai gama gaisuwa ba take cewa "boleh, boleh", wato babu damuwa, don ta rabu da shi. Na ce masa, "Baban yara, ka kuwa tambayi yaran?" Ya dube ni da mamaki. "Me yaro ya sani? Ai na yi musu nazari."

Sai da ya zaɓa, ya yanki tikiti, sannan ya gano sharaɗin: ba a karɓar yaron da bai daina saka famfas ba. Autanmu kuwa shekararsa uku, kuma shi da famfas ɗinsa aminai ne.

Nan gida ya koma sansanin horo. Na sayo wani koren fo a kantin ƙasan benenmu. Mutumin da ke shirin zama dakta ya koma zaman dirshan a ƙofar bayi, yana tafi, yana ƙirƙiro waƙa, yana yi wa Auta alkawarin gurasar roti a shagon mamak, wato gidajen abincin Indiyawa Musulmi da yaran ke so kamar me. Labari ya bazu. Maƙwabciyata, matar wani malamin jami'a, in muka haɗu a lif sai ta rage murya ta ce, "Ya ake ciki, an samu nasara?" kamar wadda ke tambayar mara lafiya. Ranar da Auta ya yi abin kai, na buga wa ubansa waya yana laburare. Kabbarar da ya yi sai da aka roƙe shi ya fita waje.

Matsala ɗaya ta rage. Auta bai yarda da kowace masai a duniya ba sai koren fo ɗinsa. Haka muka isa tashar jiragen ruwa ta Klang, maigida cikin sabuwar shadda da hula, fo a hammata. Na ce ya bari na tura shi cikin akwati, ya ce a'a, abin gaggawa ba a binne shi a ƙarƙashin kaya.

Washegari da safe muka jera zuwa sashen yara, ni har na fara jin ƙamshin shayina. A bakin ƙofa wani mutum ya tarbe mu cikin shigar ƙaton kifi mai haƙora, yana rawa. Auta ya ƙwalla ƙara ya shige cikin hijabina. Babbar ta leƙa ciki, ta yatsina fuska, ta ce da Turanci wannan ai na jarirai ne. Na tsakiyar kuwa tuni ya hango lif na gilashi. Wallahi a cikin lif ɗin nan suka wuni, a hau a sauka, a hau a sauka, ni ina biye da su. Lif dai irin wanda muke hawa kullum a gida.

Maigida ya kasa jurewa. "Duk binciken nan nawa ya tafi a banza ke nan?" Ya ce bari ya shiga ya nuna musu da daɗi, za su biyo shi. Ma'aikatan suka ce lokacin iyaye ne, ya shiga. Shiru shiru bai fito ba.

Azahar ta kawo kai, Auta ya fara matse ƙafa, fo kuma yana wurin ubansa. Na ja su muka koma, na leƙa ta gilashi. Ga mijina a kan wata 'yar kujera, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, an zana masa fuskar damisa har da gashin baki, yana gardama da wata 'yar yarinya Basiniya a kan ginin bulo. Wai harsashinta bai yi ba, zai rushe. Na ƙwanƙwasa gilashin, na nuna masa Auta. Ya suri fo ya fito da gudu, sai karo da wani dattijo Bamalaye, wanda shi kuma an zana masa malam-buɗe-littafi ruwan hoda tun daga goshi har kumatu, jikarsa tana riƙe da hannunsa.

Farfesan da ke duba kundinsa ne. Mutumin da mijina sai ya miƙe tsaye kafin ya amsa wayarsa.

Suka tsaya suna kallon juna. Can dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "Babi na huɗun nan naka, akwai ɗan gyara."

Damisa ya rusuna ya ce, "Na'am, Farfesa."

Suka shiga maganar babi na huɗu da gaske, babu wanda ya ko murmusa, Auta yana ta tsalle a gefe. Sai da na fizge fo ɗin daga hannun maigida. Farfesa ya bi shi da kallo, ya sassauta murya ya tambayi inda muka saya. Ashe ƙanin jikar tasa an baro shi a gida, saboda sharaɗin nan.

Da la'asar muna tsaye muna kallon ruwa, fentin fuskar maigida bai gama fita ba duk da gurzar da ya sha kafin alwala, na dinga tsokanarsa. Ya yi dariya. Ya ce, "Kin san ina kamar shekarunsu awaki nake bi? Motar kara ma ni nake yi wa kaina. Ban taɓa zama wani ya ce ga kayan wasa, yi yadda kake so ba." Daga nan na daina tsokanar.

Washegari ma ya koma, wai zai raka Farfesa. Da lokacin tashi ya yi, mu ne a bakin ƙofa cikin sauran iyaye muna jiran ya fito, babbar 'yarsa ta tare shi da tambayar ko yau ya ji magana.

Tun daga nan na koyi abu biyu. In za ka yi wa yaro gata, fara tambayarsa, don abin da ke faranta masa sau da yawa yana nan kusa da ƙofar gida. In kuma ka ga babba ya dage a kan abu yana cewa don yara yake yi, kada ka yi saurin yi masa dariya. Wataƙila akwai wani yaron da ya daɗe yana jira a zo kansa.