Fulogin Taraktar Maigidana

Da maigidana ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sai ya sayi wata tsohuwar tarakta a gwanjo don noman dankali. Ta ƙi tashi. Ya zagaya ta sau biyu, hannuwa a baya, ya yanke hukunci cewa fulogi ne.

Na raka shi kasuwar Kwararafa, wani shagon kayan gyaran injuna. Mai shagon ya zube mana kala uku.

"Oga, wannan orijina ne. Wannan orijina na gaske. Wannan kuwa na Bature ne da kansa."

Maigidana ya sa tabarau, ya duba kowanne, har da shinshinawa. Ya ce da ni, "Shekara nawa ina sa hannu a takardun tarakta? Ba mai cutata." Ya zaɓi na Bature.

Washegari bakanike ya zo gona, ya leƙa injin, ya daɗe yana tari.

"Baba, wannan ai gas take sha. Ba ta da gurbin fulogi."

"Na sani," in ji maigidana. "Gwada ka nake yi."

Ashe tankin ne a bushe. Aka zuba gas, aka fitar da iska, ta tashi. Ni dai na sunkuya ina gyara ɗankwalina.