Muryar Bukar da pil ɗin Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Mirriya, ni da abokina, rediyo mai kaset a hammatata. Bukar, ɗan maƙwabciyarmu Gwaggo, zai yi wasan ƙarshe da abokansa masu gita a Damagaram. Fari ya raba su, washegari kowa zai kama hanyar neman abinci, shi Libiya ya nufa. Gwaggo ƙafa ta hana ta tafiya. Ita ta sayi kaset da sababbin pil, wato batir, ta ce, "Ɗan nan, muryarsa kawai nake so ka kawo mini. Kada ka kunna sai ka je."

Na ce to. Allah ya yafe mini, wannan "to" ɗin bai wuce tasha ba. Motar ta ƙi cika, ga 'yan mata masu sayar da goriba suna kallon rediyon, sai na murɗa. A hanya ma taya ta fashe, na ci gaba da nishaɗantar da jama'a kamar ni na ƙera shi. Gonaki kuwa fayau, karan gero bai kai gwiwa ba, makiyaya suna bin mota da akuya suna neman tiyar hatsi a madadinta.

A birni muka ci tuwon jar dawar taimako, mai tauri kamar bulo, muka nufi wani tsohon sito na gyaɗa da ya zama kango. Nan aka yi wasan bayan la'asar. Jama'a, ban taɓa jin irinsa ba. Babbar gita tana gurnani har cikin haƙarƙari, ƙaramar tana ƙara kamar ana kankare tukunya, mai ganga kamar ana binsa. Bukar bai yabi kowa ba, bai roƙi kowa ba. Rumbu yake wa waƙa, yana tambayarsa ina ya kai abin da aka ba shi ajiya. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Yaro, wannan kiɗa ne ko faɗa?" Kafin a gama na ga hularsa a hannu yana tsalle. Ni ma na yi ta tsalle, rediyo a ka yana ɗaukar waƙar, ina ganin 'yar fitilarsa tana dusashewa ina kawar da ido.

Da safe muka raka Bukar tasha, sannan na sayi sababbin pil don in rufe laifina. Muna isa gida na kunna wa Gwaggo, maƙwabta sun cika tsakar gida. Abin da ya fito kamar ɓeraye suna biki. Ashe da pil suka gaji a hankali kaset ya riƙa juyawa, yanzu da ya samu ƙarfi sai ya zuba da gudu.

Gwaggo ta ce, "Wannan ba ɗana ba ne."

Na durƙusa na faɗi gaskiya, har da 'yan matan goriba. Abokina ne ya ce, "Kai dai ba ka da kai. Ina tsofaffin?" Suna aljihuna. Muka shanya su a rana, muka mayar. Sai ga gurnanin gita, sai ga Bukar sak, har da tarinsa.

Gwaggo ta jawo rediyon jikinta. Can ta ce, "Shi ne. Tun yana goye haka yake faɗa in yana jin yunwa."

Tafiyar ta koya mini cewa idan an ba ni amana, tun daga tasha take farawa. Yanzu ina bin gidajen Mirriya ina roƙon pil ɗin da suka gaji, don Gwaggo tana son jin ɗanta kullum bayan azahar.